Yadda Za Ka Fahimtar Da Mutanen Gida Dalilin Ƙarin Cin Abincinka Idan Kana Gina Jiki

Wata na biyu da fara ɗaga ƙarfe a wani ɗan fili da ke lungunmu a Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana, na miƙa wa Mma kwano a karo na biyu da daddare. Ta zuba tuwon, ta ƙara miyar ayoyo, sannan ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Lafiyarka ƙalau kuwa?" Ƙanwata ta ce tsutsar ciki ce, a sayo mini magani. Kawu da ya zo daga Asawase ya ji labarin ƙwai uku da nake ci da safe, ya girgiza kai ya ce, "Haka 'yan macho suke farawa." Ni kuwa sai na shiga zuba musu bayanin furotin da kalori kamar yadda na ji a YouTube. Babu wanda ya saurara, kuma da gaskiyarsu, domin tambayar da ba wanda ya yi nake amsawa.

A gidan da ake cin tukunya ɗaya, ƙarin cin mutum ɗaya magana ce da ta shafi kowa. Mai cefane yana lissafin aljihunsa. Uwa tana tsoron ciwo. Uba yana tunanin inda wannan jiki zai kai ɗansa. Abokai kuma sun samu abin tsokana. Kowanne da damuwarsa, kuma amsar da za ta kwantar da hankalin wannan ba za ta yi wa wancan komai ba. Ga yadda na ga abin yana tafiya, daga abin da ya faru da ni da kuma samarin da muke motsa jiki tare.

Fara da sanin lissafinka kafin ka buɗe baki

Yawancin rigimar tana tasowa ne saboda kai kanka ba ka san iyakar abin da kake buƙata ba. Ka ji an ce "ci da yawa", sai ka mai da kowane kwano abokin gaba. Wanda bai san adadi ba ba zai iya kare kansa ba idan aka kira shi acici.

Ƙarfe yana gajiyar da tsoka ne, ya sanar da jiki cewa ana buƙatar ƙari. Ginin kansa yana gudana cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan motsa jikin, galibi kana hutawa ko kana barci. Ginin yana son abu biyu. Na farko furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwai, wake, kifi, nama, nono da gyaɗa. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Idan kilo 60 gare ka, giram 96 zuwa 132 ke nan. Na biyu ɗan rarar kuzari a kan abin da jiki ke ƙonawa, kimanin kalori 300 zuwa 500 a rana.

To, mene ne kalori 500 a faranti? Ƙwai ɗaya yana da kusan kalori 70 da furotin giram 6. Ƙwai uku, da gyaɗa cikin tafin hannu, da ayaba ɗaya, sun kusa cika adadin. Shi ke nan ƙarin. Ranar da na gane haka na ji sauƙi ƙwarai, domin abin da nake ta faɗa a kansa bai kai rabin malmalar tuwon da nake ƙarawa ba dole ba. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da furotin kusan giram 13, gwangwanin sadin kusan 20, kofin madara kusan 8. Ka zauna da biro da takarda ka haɗa naka na yini guda daga abin da ake samu a unguwa: koko da ƙosai da ƙwai da safe, waakye (shinkafa da wake) da kifi da rana, fura da nono ko burkina (gero da nono) da la'asar, tuwon zafi da dare. Cukun wagashi, tubani, ƙuliƙuli da busasshen kifin amane duk suna cike giɓi.

Sai ka san saurin da ya dace. Nauyi ya riƙa ƙaruwa da kamar giram 150 zuwa 300 a mako ga mai kilo 60, wato kusan kilo ɗaya a wata. Idan sikeli ya nuna kilo uku a wata ɗaya, yawancinsa kitse ne da ruwa, kuma masu cewa teɓa kake tarawa sun fi ka gaskiya.

Kuɗi ya riga magana

Wannan shi ne matakin da samari suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Kada ka nemi a fahimce ka alhali ƙarin naka daga rabon ƙannenka yake fita. Uwar da ta auna shinkafa don mutum takwas ta ga ɗaya yana cin na biyu, duk bayanin duniya ba zai cika mata tukunya ba. Ba za ta faɗa maka ba, za ta rage nata ne. Na daɗe ban lura cewa haka Mma take yi ba, kuma har yau abin yana taɓa zuciyata.

Saboda haka kafin ranar da za ka zauna da su, ka shigo gida da kaya a hannu. Kiret ɗin ƙwai mai 30, olonka ɗaya (wato mudun awo na nan Ghana) na wake, olonka na gyaɗa. A Kejetia ko kasuwar Asawase sayen sari ya fi araha nesa a kan sayen ɗai-ɗai a kanti. Ka ajiye su a kicin inda kowa yake ɗiba, kada ka kai ɗakinka ka kulle. Ka ce, "Mma, ga wannan a ƙara a cefane. Zan riƙa ɗaukar uku da safe, sauran na gida ne." Idan kana da albashi ko sana'a, ka yanka wani abu tsayayye da za ka riƙa ƙarawa a kuɗin cefane duk mako, ko kaɗan ne, kuma kada ka fasa. Ɗorewarsa ta fi yawansa tasiri.

Idan kuma ɗalibi ne kai ko kana koyon sana'a ba ka da abin hannu, ka rage buri zuwa abin da gidan zai iya ɗauka. Gari da wake da gyaɗa suna gina jiki. Ka ɗauki wani aikin gida a madadin kuɗi, kamar ɗebo ruwa, dakan fufu, ɗauko kaya daga kasuwa. Ƙarfin da kake tarawa ya fara amfanar gidan da ke ciyar da shi, kowa ya gani da idonsa.

Zama da uwa

Ka zaɓi lokaci. Ba lokacin rabon abinci ba, ba kuma gaban baƙi ko matan gidan haya ba, inda za ta ji kamar ana ƙorafin ba ta ƙosar da kai. Bayan sallar isha'i, ko tana tsintar wake kana taya ta, ya fi.

Ka bar kalmomin furotin da kalori a waje. Misalin da ya yi mini aiki na kiwo ne, don babu gidan Zango da bai san shi ba. Na ce, "Mma, ragon layya da aka turke ana ƙara masa dusa da harawa, dokin sukuwa ma ana ƙara masa. Ragon yana kwance, sai ya tara kitse. Dokin yana gudu, sai abincin ya zama ƙarfi. Ni na dokin nake yi, kuma duk ranar da na daina gudun zan rage dusar." Ta yi dariya, amma ta gane, kuma daga baya na ji tana maimaita wa maƙwabciyarmu da bakinta.

Bayan haka ka faɗi abu uku a fili: nawa ne ƙarin, don me, kuma zuwa yaushe. "Ƙwai uku da ɗan wake ne a rana. Ina so in ƙara kilo uku. Wata uku zan yi in duba." Abin da ke da iyaka ba ya ba da tsoro kamar abin da ba a san ƙarshensa ba. Sannan ka nemi taimakonta da gaske. Ita ta fi ka sanin wanda ke sayar da wake marar ƙwari da inda kifi ya fi sauƙi. Uwar da aka sa cikin shiri takan zama mai tsaronsa.

Akwai wata matsalar ta daban da ke biyo baya. Da zarar ta yarda, za ta so ta nuna ƙauna da man ja da ƙarin tuwo da soye-soye. Babban cokali ɗaya na mai yana da kusan kalori 120, kuma babu furotin ko kaɗan a cikinsa. Ka roƙe ta da ladabi: "In za a ƙara mini, a ƙara wake ko kifi, tuwon ya isa haka."

Uba da kalmar macho

Kada ka raina wannan tsoron. A Ghana kalmar macho ta daɗe da ɗaukar wani nauyi. Mutane sun ga yadda ake hayar masu ƙirar ƙarfi su tsare filayen da ake rigima a kansu, ko su bi 'yan siyasa lokacin zaɓe. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, majalisa ta yi doka a shekarar, mai lamba 999, da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa da masu gadin filaye irin waɗannan. Uban da ya ga kafaɗun ɗansa suna buɗewa, ya kuma san sau nawa ake ɗora wa samarin Zango wannan suna ko da ba su ji ba ba su gani ba, dole ya yi tunani. Ga kuma tiramadol da ya lalata yara da yawa da sunan ƙarin ƙarfi.

Lissafin abinci ba ya amsa wannan. Abin da ke amsa shi shi ne Baba ya san inda kake zuwa, da wa kake zuwa, da ƙarfe nawa kake dawowa. Ka faɗa masa sunan wurin. Idan mai koyar da ku mutumin kirki ne, ka kawo shi ya gaishe shi. Kada motsa jiki ya ci lokacin sallah ko na shago. Ka rage yawo da singileti a unguwa, ka kuma ƙara sassauta murya a gida fiye da da, domin duk wata ɗaga murya yanzu za a ce ƙwanji ne ya fara hawa kai. Maganar da za ka yi masa gajera ce: "Baba, don lafiya nake yi da ƙarfin aiki. Ba na shan komai, ba na bin kowa. Duk ranar da kuka ga abin da bai yi muku ba, ku faɗa mini." Dattawa sun fi yarda da abin da suka gani wata da watanni a kan abin da suka ji a dare ɗaya.

Masu tsoron ciwo

Za a ce maka ƙwai da yawa yana kawo hawan jini, nama yana kashe ƙoda, ƙiba tana jawo ciwon suga. Kada ka yi musu da ka. A gidajenmu da wuya ka rasa mai hawan jini ko suga, don haka masu maganar daga abin da suka gani suke yi. Ka je asibitin Manhyia ko wani kemis mai na'ura a auna jininka kafin ka fara, a sake aunawa bayan wata biyu ko uku, ka nuna musu. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma ya maimaitu, magana ce ta likita. Ka ari tef ɗin tela ka riƙa auna ƙugunka daidai cibiya. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ya wuce rabin tsawonka. Idan damtse da cinya suna ƙaruwa ƙugu yana nan kusan yadda yake, ka samu hujjar da ta fi kowace magana.

Ga mai lafiyayyar ƙoda, furotin a adadin da na ambata ba a same shi da lahani ba. Wanda yake da ciwon ƙoda, suga ko hawan jini kuwa, kada ya ƙara komai sai ya ga likita. Wannan ba wurin jarumta ba ne.

A nan ne kuma ya kamata ka raba kanka da magungunan ƙiba a gaban kowa, domin da yawa za su zaci su kake sha. Deksametason da wasu ke haɗiya don su yi kumari yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana iya tayar da suga da hawan jini, kuma idan an daɗe ana sha tsokar ma cinye ta yake yi. Allurai da ƙwayoyin sitiroid na masu gina jiki suna taɓa zuciya da hanta, suna rage maniyyi, suna iya fito wa namiji da nono. Idan wani a wurin motsa jiki ya ce zai haɗa ka da "gajeriyar hanya", ka bar masa. Idan ka sayi garin furotin, kada ka ɓoye robar a ƙarƙashin gado, ɓoyewar ce ke mai da shi abin zargi. Ka duba ko yana da rajistar hukumar abinci da magunguna ta ƙasa, ka ajiye shi a fili, ka bayyana cewa daga madara ake yin sa: ruwan nan ne da ke tsiyaya idan ana yin cuku irin wagashi, aka busar ya zama gari. A ganina ma, mai farawa da ke cin tukunyar gida ya bar shi tukuna. Kuɗin roba ɗaya zai sayi ƙwai da waken da gida duka zai amfana.

Idan aka kawo maganar addini

Wani kawu ko malamin makarantar dare zai tuna maka hadisin da ke cewa a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, da ayar da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna. Ka karɓa hannu biyu. Samari suna saurin mayar da martani da hadisin mumini mai ƙarfi, amma jifan dattijo da hadisi ba ladabi ba ne, kuma malamai da yawa sun fassara ƙarfin da ƙarfin imani da himma tun kafin na jiki. Amsar da ta fi ita ce ta aiki: ka raba abincinka gida huɗu ko biyar a yini maimakon ka cika tumbi sau biyu har ka kasa ruku'u. Wannan ya dace da hadisin, kuma ya dace da yadda jiki ke amfani da furotin, don giram 20 zuwa 40 a kowane zama ya wadatar. Ka ce, "Malam, ba na cika ciki, sau da yawa nake ci kaɗan-kaɗan, kuma ba na zubarwa."

Da azumi ya zo, ka ajiye batun ƙara nauyi gaba ɗaya. Ka riƙe abin da ka samu: ƙwai, wake ko nono a sahur, motsa jiki mara tsanani bayan shan ruwa, ruwa isasshe tsakanin magariba da asuba. Ganin ka sassauta saboda Ramadan yana kwantar da hankalin gida fiye da yadda kake zato.

Abokai da kwano ɗaya

Tsokanar bes, wato wurin zaman hirar samari, ba ta buƙatar dogon bayani. Ana shan ataya wani zai ce, "Macho, yau ƙwai nawa?" Ka faɗi adadin ka yi dariya, a wuce. Wanda ya tambaya da gaske ka ware masa lokaci. Wanda ke neman ya ga ka fusata kuwa, rashin fushin ne amsarsa.

Abin da ya fi tsokana haɗari shi ne a kira ka marowaci. Mu mutane ne da ba a cin abinci a gabanmu ba a ce bismillah ba. Idan ka fito da ƙwanka a cikin jama'a ka ci kai kaɗai saboda "lissafi", ka yi asarar abin da ya fi tsoka daraja. Ƙarin naka ka ci shi a gida kafin ka fito. Idan an haɗu a tire ɗaya, a wajen suna ko biki ko cin rana a gareji, ka ci daidai da kowa, kada hannunka ya riga na mutane zuwa wajen nama. Kwana ɗaya da lissafi bai cika ba ba ya rushe aikin wata uku.

Mai aure kuma ya san cewa ƙarin girki ƙarin aiki ne. Ka dafa ƙwanka da kanka, ka jiƙa wakenka, ka ƙara kuɗin cefane kafin ta tambaya. 'Yan'uwa mata da ke ɗaga ƙarfe, ku taku gwagwarmayar ta fi tamu, don za a ce za ku koma kamar maza. Jikin mace ba shi da yawan sinadarin testostiron da ke sa tsokar namiji ta yi irin wannan girma, saboda haka abin da ƙarfe da abinci mai kyau ke ba ta shi ne ƙarfi, ƙashi mai ƙwari da tsayuwar jiki. Ki samu wata babba a gida, yaya ko goggo, ta fahimta tukuna, ita za ta yi miki magana a inda taki ba za ta shiga ba.

Ranar da wa'adi ya cika

Ka ce wata uku, to idan wata uku ya yi ka dawo da maganar da kanka, kada ka jira a tuna maka. Ka hau sikeli, ka auna ƙugu, ka faɗa musu abin da ya fito ko bai yi maka daɗi ba. Idan ƙugu ya ƙaru fiye da kima, ka rage tuwo da mai ka bar furotin yadda yake. Idan nauyi bai motsa ba mako uku a jere, ka ƙara ɗan abu kaɗan, kamar kofin fura ko gyaɗa, ka kuma duba barcinka, don wanda ba ya samun awa bakwai yana wahalar da ginin. Idan rauni ko aiki ya sa ka daina zuwa motsa jiki, ka rage cin a makon nan.

Ni da nawa wa'adin ya cika na ƙara kilo uku da ɗan kai, wandona bai matse ni ba. Na je na ce wa Mma a mayar da kwanona yadda yake da, zan huta wata ɗaya. Sai da muka yi kusan mako tana zuba ludayi na uku ina mayarwa cikin tukunya kafin hannunta ya saba. Kiret ɗin ƙwai kuwa ban daina kawowa ba, domin yanzu ƙannena biyu suna tafiya makaranta da dafaffe ɗaya-ɗaya a aljihu.